Babi na Shida: Babban Gwani, Maginin Sarakuna

A cikin birnin Zariya akwai unguwar da ake kira Babban Gwani. A Kafin Madaki ta ƙasar Bauchi kuma akwai wani tsohon soro, shi ma da wannan suna ake kiransa. Duk mutum ɗaya ake nufi, wato maginin nan da ya yi zamani a ƙarni na 19, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu, wasu kuma Muhammadu Durugu. Laƙabinsa ya danne sunan yanka, har ya zama ko a Zariya in ka ce Babban Gwani an fi saurin gane wanda kake nufi. A ƙasar Hausa an saba unguwa ta ci sunan sarki ko malami, ko ta ci sunan sana'ar mazaunanta baki ɗaya, irin su marina da maƙera da dukawa. Da wuya ka ji ta ci sunan mai sana'a shi kaɗai. Wannan kawai ya isa ya nuna cewa mutanen zamaninsa sun ga abin da ba su saba gani ba.

Mutumin Karaye ko Rogo bai kamata ya ɗauki wannan labari a matsayin na baƙi ba. Ƙasar Rogo ta yi iyaka da ƙasar Zazzau, kuma tun kaka da kakanni ake cuɗanya ta kasuwa da karatu da auratayya. Almajirin da ya tashi daga Zarewa ko Fulatan neman ilimi, sau da yawa Zariya yake nufa. Tsofaffin zaurukan da suka rage a garuruwanmu, masu kaurin bango da rufin azara, duk da irin ilimin da Babban Gwani ya yi aiki da shi aka gina su. Shi dai ya kai ilimin inda ba wanda ya kai shi.

Zamanin da ya same shi

Magini ba ya yin suna sai ya sami mai ba shi aiki, kuma babban aiki a wancan lokaci yana hannun sarakuna. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da aka fara a 1804 ya sauya sarauta a kusan dukkan manyan biranen Hausa. A Zazzau, Sarki Makau ya bar birni ya yi kudu, Malam Musa ya hau. Bayansa Yamusa ya yi sarauta daga 1821 zuwa 1834, sannan Abdulkarimu, tushen gidan Katsinawa, ya riƙe ta daga 1834 zuwa 1846. Sababbin sarakunan nan malamai ne ko 'ya'yan malamai, kuma da sunan gyara addini suka karɓi mulki. Don haka ba abin da ya fi dacewa su fara nuna wa jama'a irin masallacin Juma'a mai girma, da wurin shari'a a gefensa.

A zamanin Abdulkarimu aka gina masallacin Juma'a na Zariya, kusa da gidan sarki, kuma Babban Gwani aka danƙa wa aikin. Ba daga sama ya faɗo ba. Kafin a haife shi da ɗaruruwan shekaru akwai Gidan Rumfa a Kano, wanda ya samo asali daga zamanin Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Akwai hasumiyar Gobarau a Katsina, akwai ta Agadas mai tsawon mita 27, akwai ganuwowin birane da ake gyarawa da aikin gayya. Gini sana'ar gado ce, yaro yana tasowa yana bin ubansa wurin aiki. Magina suna da shugabansu, Sarkin Magina, wanda ke tara su in fada ta kira, ya raba musu aiki, ya sasanta su in sun sami saɓani. Ba kowane magini ake kira gwani ba, sai wanda 'yan'uwansa magina suka sallama masa. Wanda gwanaye suka sallama wa kuwa, shi ne babban gwani.

Ƙasa, azara da makuba

Ba za a gane girman aikinsa ba sai an san abin da yake hannunsa. Ba shi da siminti, ba shi da rodi, ba shi da katakon da za a kafa a zuba kankare a kai. Abin da yake da shi shi ne abin da kowane maginin ƙauye yake da shi har gobe.

Aikin gini na rani ne. Da an kawar da amfanin gona, sai a shiga kududdufi a haƙo jar ƙasa, a zuba mata ruwa, a watsa yankakkiyar ciyawa, wani lokaci har da kashin doki, a shiga a yi ta takawa. Ba a ranar ake aiki da ita ba. Akan bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, a sake jiƙawa a sake takawa, har ta yi danƙo. Daga nan a cura tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera a rana ya bushe. In an fara ɗora bango, magini yakan hau ya zauna a kansa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Yaronsa yana ƙasa yana cilla masa tubali da curin ƙasa, shi kuma yana cafewa, ya dasa tubalin tsininsa na kallon sama, ya cike tsakani da ƙasa, ya ja baya kaɗan, ya sake miƙa hannu. Ba ya ɗora sahu a kan sahu sai na ƙasa ya sha iska. Bango yakan fara da kauri a gindi ya riƙa sirancewa yana hawa, domin nauyi ya zauna inda ya kamata.

Bango ba shi ne wahala ba, rufi ne. Itacen da aka dogara da shi shi ne azara, wadda ake tsagawa daga gangar giginya. Tana da ƙarfi, kuma gara ba ta cika cinta ba. Amma tana da iyaka: in aka shimfiɗa ta aka ɗora mata ƙasar rufi, tazarar da za ta iya ɗauka ba ta wuce kamu huɗu ba, wato ƙasa da mita biyu. In ta wuce haka sai ta lanƙwashe. Shi ya sa ɗakin talaka mai rufin soro yake da ƙunci. Duk fasahar maginin Hausa a nan ta taru: yaya za a rufe fili mai faɗi da itace gajere?

Amsar ita ce baka. Magini yakan dasa azara a jikin bango ko ginshiƙi, ta ɗan karkato ciki, ya ɗaure ta da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya bari ta bushe. Sai ya ɗaura wata a kanta ta ƙara leƙowa, ita ma ya lulluɓe. Haka zai yi ta yi daga wannan ɓangare da wancan, gaɓa bayan gaɓa, har hannuwan biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. In bakuna suka taso daga bango huɗu suka gamu a tsakiya, an sami ɗaurin guga, kuma sau da yawa akan manna tasa ko faranti a mahaɗar. Tsakanin bakunan sai a jera gajerun azara, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a fitar da tulluwa a waje yadda ruwa zai gangara ya bi indararo. Kuskuren gaɓa ɗaya yana iya kayar da rufin duka, kuma ba takarda ake dubawa ba. Ido ne da hannu da abin da aka gada.

Saura kariya daga ruwan sama. A nan ma abin da ke kusa aka ɗauka. Ɓawon 'ya'yan ɗorawa ake jiƙawa a sami makuba, a kwaɓa da ƙasa a yi yaɓe, bango ya yi duhu-duhu ya ƙi shan ruwa. Rufin masu hali kuma laso ake yi masa, wanda ake haɗawa da katsin da ake kwasowa daga karofi, da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara. Kowa ya duba zai ga gini ɗaya ya jawo marini da majemi da mai saran giginya da matan da ke tara makuba, har da waɗanda za su zo su yi daɓe. Sana'o'in gari ne suka haɗu a bango ɗaya.

Masallacin Zariya

Masallacin da Babban Gwani ya gina ba ɗaki ɗaya ba ne. Haraba ce da aka kewaye da katanga, da zaurukan shiga inda ake alwala, da ɗakin shari'a, sannan babban ɗakin salla a tsakiya. A cikin ɗakin sallar ne gwanintarsa ta fito fili. Ya kafa manyan ginshiƙai, daga jikinsu bakuna suka tashi suna tsallaka juna, suka ɗauki tulluwa shida. Mai salla in ya ɗaga kai, bakuna yake gani suna fitowa daga ginshiƙi suna rabuwa, kowane ya nufi inda zai gamu da ɗan'uwansa, ga azara an jera ta a tsakaninsu sahu-sahu, ita kanta ta zama ado. Ba a ɓoye abin da ke ɗauke da rufin ba. Shi ne ma abin kallon.

Adon jikin ginshiƙan ma abin lura ne. Tun ƙasar tana ɗanya aka fitar da shi da hannu: layuka masu zurfi, da'irori, kusurwoyi, manya-manya, ba tarkace. Wanda ya saba da zanen gidajen attajiran ƙarni na 20, mai launuka da dagi da siffofi iri-iri, zai ga na masallacin Zariya ya fi natsuwa. Haka ya dace da wurin ibada, haka kuma ya dace da ra'ayin malaman jihadi da ba sa son almubazzaranci. Ya ba ɗakin kwarjini ba tare da ya ɗauke hankalin mai salla ba, kuma wannan ba ƙaramin sani ba ne.

Wajibi ne a faɗi wani abu da labarin baka yakan tsallake. Gini irin wannan ba ya tashi da hannun mutum ɗaya. Akwai masu haƙar ƙasa, masu ɗebo ruwa, masu dakon azara daga nesa, kuma a wancan zamani manyan ayyukan fada sun dogara ƙwarai da ƙarfin bayi da na talakawan da aka tara. Sunan gwani ne ya wanzu, nasu ya ɓace, amma guminsu yana cikin kowane tubali. Haka nan jama'a sukan danganta gwanintar manyan magina da asiri ko taimakon aljanu. Wanda ya tsaya ya dubi yadda aka ɗaura gaɓoɓin baka ɗaya zai gane cewa asirin shi ne sanin halin ƙasa, da sanin nauyin da azara za ta iya ɗauka, da haƙurin jiran abu ya bushe.

Daga fada zuwa fada

Da sunansa ya bazu, sai sarakuna suka shiga nemansa. Ana danganta masa gine-gine a fadoji da dama, kuma wanda ya fi shahara bayan masallacin Zariya shi ne gidan Madakin Bauchi a Kafin Madaki, arewa da birnin Bauchi, wanda ake cewa an gina wajen 1860, a zamanin Sarkin Bauchi Ibrahim ɗan Yakubu. Soron yana nan tsaye, kuma tun 1956 aka sa shi cikin gine-ginen tarihi da hukuma ke karewa, yana cikin na farko-farko da aka yi wa haka a Nijeriya.

Game da ƙarshensa, labarin da ya fi yawo shi ne cewa ya gina wa sarkin Birnin Gwari masallaci, da sarkin ya ga kyan ginin sai ya sa aka kashe shi don kada ya je ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Irin wannan labari ba a ƙasar Hausa kaɗai ake ba da shi ba. Malamanmu da suka karanta adabin Larabci sun san Sinimmar, wanda aka ce ya gina wa Nu'umanu sarkin Hira fadar Hawarnaƙ, aka saka masa da jefowa daga samanta, har Larabawa suke buga misali da irin sakayyarsa. Rashawa ma suna cewa sarkinsu ya makantar da wanda ya gina babban cocin nan mai launuka na Mosko. Abin da ya haɗa labaran shi ne, mutane sun daɗe da gane cewa sarki ba ya kallon babban gini a matsayin wurin zama kawai. Shaidar ikonsa ce, kuma ba ya son a yi tarayya da shi a cikinta. Maginin fada yana cin alheri, amma rayuwarsa tana rataye da zuciyar mutum ɗaya.

Takwaransa na Faransa

A Faransa an yi abin da ya yi kama da wannan, kuma nasu a rubuce yake. A watan Agusta na 1661, ma'ajin ƙasar, Nicolas Fouquet, ya gayyaci Sarki Luwi na 14 liyafa a sabon gidansa na Vaux-le-Vicomte, gidan da ya fi na sarkin kansa ƙawa. Ba a yi wata guda ba aka kama Fouquet, kuma a kurkuku ya ƙare rayuwarsa. Amma sarkin bai taɓa magina ba. Sai ya kwashe su, da mai tsara ginin Louis Le Vau, da mai zane Charles Le Brun, da mai tsara lambu André Le Nôtre, ya sa su aikin fadarsa ta Versailles.

Wanda ya kai wannan fada ga siffar da duniya ta sani shi ne Jules Hardouin-Mansart, wanda aka haifa a Paris a 1646. Shi ma ɗan gado ne. A hannun ɗan'uwan kakarsa, François Mansart, ya koyi sana'a, kuma bayan rasuwar tsohon ya ɗauki sunansa ya haɗa da nasa. Daga 1678 ya karɓi aikin faɗaɗa Versailles. Shi ya gina dogon zauren madubai mai tsawon mita 73, wanda aka jera wa madubi 357. A 1681 aka naɗa shi babban maginin sarki, a 1682 sarki ya tare a fadar da dukkan fadawansa, kuma a 1685 ma'aikatan da ke wurin sun kai kimanin 36,000. Shi ya gina ƙubbar Invalides a Paris, da dandalin Vendôme. A 1699 ya zama shugaban dukkan gine-ginen sarki, wato muƙami irin na minista. Ya rasu a 1708, surukinsa Robert de Cotte ya gaje shi ya ƙarasa cocin fadar a 1710.

In aka jera mutanen biyu, kamar ta yi yawa. Dukansu gado suka yi, dukansu sarki ne ya ɗaga su, dukansu sun ba mulki siffar da ido zai gani, dukansu kuma sun bar sana'ar a hannun dangi, domin zuriyar Babban Gwani ta ci gaba da riƙe shugabancin magina a Zazzau. Kuma in ana maganar hazaƙa, wanda ya rufe babban ɗakin salla da ƙasa da guntayen giginya ba shi da abin jin kunya a gaban wanda aka ba dutse da gilashi da baitulmalin Faransa.

Bambancin yana wurin abin da aka yi da iliminsu. Tun 1671 Faransa ta kafa makarantar sarki ta masu tsara gini, inda ake koyarwa ana muhawara ana rubutawa. Mansart yana da ofis cike da masu zane, kuma zanen gine-ginensa da lissafin kuɗin da aka kashe suna nan a ajiye. Shi ya sa ake iya faɗin ranar haihuwarsa da ta mutuwarsa. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ma haka ta yi da Sinan, wanda ya yi kusan shekara 50 yana shugaban maginan sarkin Santambul har ya rasu a 1588, aka rubuta jerin ayyukansa tun yana raye. Mu kuwa muna da malamai masu alƙalami a zamanin Babban Gwani, sun rubuta fiƙihu da tarihi da mulki da magani, amma sana'ar hannu an bar ta a ƙirjin masu ita. Ga shi kuma ginin ƙasa ba kamar na dutse ba ne. Dutse yana jure sakaci na shekaru, ƙasa kuwa tana son a duba ta kowace shekara kafin damina: a toshe tsaga, a share indararo, a sabunta yaɓe. Ilimin da ke ƙirji da ginin da ke son kulawa, duka biyun suna mutuwa ranar da aka daina aiki da su.

Abin da ya tsira

A shekarun 1970 aka sabunta masallacin Zariya. Jama'a ta ƙaru, ana son wuri mai faɗi, sai aka yi sabon gini na kankare wanda ya lulluɓe tsohon. An rasa katangar waje da siffar harabar yadda Babban Gwani ya bar ta, amma wani sashe na tsohon ɗakin salla, da ginshiƙansa da bakunansa, ya tsira a cikin sabon. Abin da ya sa muka san yadda masallacin yake tun asali shi ne aikin wasu masana da suka auna shi kafin a taɓa shi. Babbansu shi ne Zbigniew Dmochowski, mutumin Folan, wanda ya fara aiki a Nijeriya a 1958, ya yi shekaru yana yawo da ɗalibansa suna auna gine-ginen gargajiya suna zanawa. Shi ya assasa gidan tarihin gine-ginen gargajiya a Jos, inda aka sake gina kwatankwacin masallacin Zariya da ƙasa. Ya rasu a 1982, littafinsa mai juzu'i uku ya fito a 1990. Daga cikin 'yan gida kuma, Hamman Tukur Sa'ad ya zauna da magina ya rubuta digirinsa na uku a kan fasaharsu a 1981.

Kada a ɗauka ilimin ya zama na gidan tarihi kawai. A ƙauyen Yama da ke yankin Tawa a Jamhuriyar Nijar, wani magini manomi, Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, ya riƙa ƙara masa baka da ƙubba da hasumiyoyi a shekarun da suka biyo, har ginin ya ci kyautar Aga Khan ta tsara gini a 1986. A 2022 kuma Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya yi suna da makarantar da ya gina da tubalin ƙasa a ƙauyensu Gando, ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a wannan fage. Duniya tana komawa ga ƙasa saboda dalilin da kakanninmu suka sani: bango mai kauri yana riƙe sanyi da rana, ya riƙe ɗumi da dare. Duk wanda ya taɓa barin ɗakin bulo mai rufin kwano a watan Afrilu ya shiga tsohon zaure, ba ya bukatar a yi masa bayani.

Wannan ya dawo da mu gida. A Karaye da Rogo, kamar sauran wurare, bulo da kwano sun ci kasuwa, kuma ba laifin kowa ba ne. Damina a nan tana da ƙarfi, yaɓen kowace shekara yana cin kuɗi da lokaci, azara ta yi tsada domin giginya ta ragu, karofi sun mutu balle a sami katsi. Matashin da ya ga babu mai neman baka ba zai ɓata shekarunsa yana koyonta ba. Amma har yanzu akwai dattawan magina a garuruwa da ƙauyuka waɗanda suka ɗaura baka da hannunsu, suka san ƙasar wane kududdufi ce ke yin tubali da wadda ba ta yi. Akwai kuma zauruka da soraye da tsofaffin masallatai da ba su faɗi ba tukuna. Ɗorawa tana nan a gonakinmu, jar ƙasa kuwa ba ta ƙare ba.

Tun da aka tsara a 2024 cewa masarautar Karaye ta ƙunshi ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, akwai inuwa ɗaya da za a iya yin wannan aiki a ƙarƙashinta, kuma ba aiki ne mai cin dukiya ba. Hakimai da dagatai su sa a ƙidaya tsofaffin gine-ginen ƙasa da ke yankunansu, a san masu su, a taimaka musu da yaɓe kafin ruwa ya sauka. Ɗaliban tsara gini na Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, musamman 'ya'yan yankin, su zo da ma'auni da kyamara su auna su zana, su zauna da dattawan magina su naɗi bayaninsu da sunayensu da na waɗanda suka koya musu. A dasa giginya a bakin fadamu, ko da ba mu za mu tsaga azararta ba. Mafi muhimmanci, a ba maginan aiki. In za a gina zauren taro, ko ɗakin karatu, ko masallacin unguwa, a ware ko da ɗaki ɗaya a ce da ƙasa da baka za a yi shi, a sa matasa su yi aikin a ƙarƙashin tsoho. Ba a koyon baka da baki, sai an hau bango.

Babban Gwani ya zama abin da ya zama ne domin Sarkin Zazzau Abdulkarimu ya ba shi fili da ma'aikata, ya amince masa. Duk mai sarauta ko mai hali ko shugaban ƙungiyar gari da ke karanta wannan babi yana da ikon yin irin haka daidai ƙarfinsa. Ya nemi tsohon maginin garinsu a wannan rani, ya ba shi aiki, ya haɗa shi da yaran da za su gaje shi.